Maganin Munira a Firigon Ya Kellu

Shekara tara ƙanwata Munira tana neman haihuwa. A wani asibiti a Abuja aka haɗa ƙwanta da na mijinta, aka samu uku aka daskarar. Biyu ba su zauna ba. Na ƙarshen aka dasa mata, muka dawo Diffa muna lallaɓa ta.

Likita ya ja kunne: safe da yamma ta cusa maganin da ke riƙe cikin, kada ta tsallake ko sau ɗaya. Maganin kamar man shanu yake, zafin garinmu narkar da shi yake yi. Ba mu da firigon sanyaya kaya, sai na kai ajiya wurin maƙwabciyarmu Ya Kellu mai ƙanƙara. Na ce mata maganin basir ne. Wa ke shelar ciki tun bai yi ƙwari ba? Bakin mutane ba abin wasa ba ne.

Rana ta shida da safe na buɗe kwalin, na tarar wayam.

"Ya Kellu, ina maganin?"

"Ayya, ɗiyata, Usmanu mai tattasai ne ya dawo daga Gagamari, ko zama ba ya iyawa. Na ba shi rabi. Sauran Fatime ta gidan gaba ta kai wa surukarta. Ai magani ba a rowarsa."

Raina ya ɓaci. Kyauta da kayan wani! A unguwar nan in mutum ya yi tari, gida bakwai sai sun sha kininsa. Na zazzaga mata masifa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, na faɗi gaskiyar cikin Munira da ƙarfi, har masu sayen ƙanƙara suka ji.

Tsohuwar ta zauna daɓas a kan turmi.

"Shekara tara nake sa yarinyar nan a addu'a," ta ce. "Da kin faɗa mini, a ƙarƙashin ƙanƙara zan binne shi. Ni kika ɗauka mai baki?"

Na fice neman wani maganin. Na zaga farmasi huɗu, babu. Sai an aiko daga Damagaram, motar gobe. Wurin Usmanu na samo biyu, sun narke a aljihunsa.

Da na shigo gida da la'asar, Munira tana tsaye a ƙofar makewayi, ta riƙe zanenta.

"Yaya," ta ce a hankali, "zo ki duba mini ko jini ne. Ni na kasa kallo."