Jan Man Injin Kara

Bayan babban fari, furoje, wato shirin gwamnati na gyaran ƙasa, ya kawo injin datsa kara wani ƙauye arewa da Keita. Ba bel ke juya wuƙaƙensa ba. Wani jan mai ne famfo ke turawa cikin tiyo da ƙarfi, shi ke murɗa su, su tauna karan hatsi da ƙaya su mai da su abin taki. Lurwanu aka ba makullin, don shi ya yi karatun kanikanci a birnin Alje. Abin da aka fi nanata masa can guda ne: kada mai ya sauka ƙasa da layin da ke jikin gilashin tanki.

A ƙauyen nan surukinsa Barmo yake. Wata hantsi sai ga tsohon da gwangwani a hannu. Lurwanu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Ɗan nan," in ji Barmo, "ƙazwa ta cinye wuyan raƙumina. An ce man ga naku ya ɗara baƙin na mota."

"Baba, na inji ne."

"To ai shi ni ka nuhi. Ɗan kaɗan."

Mutum ba ya ce wa uban matarsa a'a. Ko sunansa ba ya kamawa. Lurwanu ya cika gwangwanin.

Ƙazwar ta bushe, ko dai Barmo ya ce ta bushe. Sai ƙanensa ya zo, sai abokin sallarsa, sai wani Buzu da ke yi masa kiwon awaki, kowa da kalma ɗaya: "Baba ya aiko ni." Durom ɗin ajiya ya ƙare. Sabon da ake jira daga Tawa bai iso ba. Lurwanu ya shiga kwance murfin ƙasan tankin injin yana tsiyayowa, bayansa ga gilashin.

Ranar kasuwa Nuhu, shef ɗin gareji, wato shugabansu, ya zo da masu gari daga wajen garin Buza su ga aikin injin. An shimfiɗa tabarmi. Barmo na gaba, da sabon rawani, yana nuna wa baƙi mijin ɗiyarsa da baki.

Lurwanu ya tada inji, aka zuba kara. Wuƙaƙe suka ci dami guda. Daga nan famfo ya fara kuka kamar akuya a hannun mahauci, mai ya yi kumfa, tiyo ya yi ta rawa. Wuƙaƙen suka tsaya da kara a bakinsu, wari ya tashi.

Nuhu ya duba gilashin. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin injin; ƙasa a bushe, babu ɗigo.

"Ina man ya tahi?"

Can gindin gawo raƙuman ƙauyen na ɗaure, wuyansu na ƙyalli ja. Nuhu bai waiwaya ba. Lurwanu ya san in ya ɗaga yatsa kawai, makullinsa ya tsira, amma a kira surukinsa maroƙin man gwamnati a gaban baƙi.

"Ni na mance ban zuba ba, shef."

"Har Alje munka tura ka ka koyo mantuwa?" Wasu suka yi dariya. "Famfon ya ƙone. Sai an aiko wani daga Turai. Kawo kile."

Lurwanu ya zaro makullin daga wuyansa ya miƙa.

Taro ya watse. Barmo ya kwance raƙuminsa, ya biyo ta gefen injin tare da maƙwabcinsa Jima. Bai rage murya ba.

"Yaron kirki ne, Jima, hannunai a buɗe. Aikin ne dai bai iya ba. Yanzu mi za ni ce ma ɗiyata?"

Lurwanu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa cikin buntun kara.

"Sauka lahiya, Baba."