Dagin Marubucin Bulgeriya

Shekara arba'in Malam Ubale ya yi yana rubuta Alƙur'ani da hannu a Bebeji. Tawadarsa shi yake dafa abarsa da bagaruwa da kashin maƙera, ya kaɗa mata ƙaro. Ran da Lubabatu, 'yar ƙanwarsa, ta dawo daga karatun likita a Bulgeriya, wani ƙaton littafi ta ajiye masa a kan buzu.

"Kawu, ga tsarabarka. Hotunan littattafan Kiristocin can ne, 'yan Otodoks. Malamansu da suka keɓe a gidajen ibada kan duwatsu su suka rubuta da hannu, shekara ɗari shida ke nan."

Ya buɗe ne don kada ta ji ba daɗi. Bai san harafi ko ɗaya ba, amma yana ganin shafi na uku ya gyara zama. Layi ya miƙe ɗoɗar, baƙar tawada ta zauna, ja ya fito a farkon sura, sama kuma ga wani ado ja da shuɗi da ruwan zinariya, ya sarƙe kamar dagi.

"Wannan hannun ba ya rawa," in ji shi. "Ƙaramin rubutun nan na gefe fa?"

Lubabatu ta duba fassarar da aka buga a ƙasan hoton. "Cewa ya yi: Sanyi ya kama mini yatsu, tawada ta tsinke. Wanda ya ga kuskure ya gyara, kada ya zage ni."

Malam Ubale ya yi dariya har da tari. "Ƙaro ne ya yi masa kaɗan. Da yana kusa da na aika masa."

Ko azahar bai jira ba. Ya naɗe littafin a mayafi, ya hau acaɓa sai Kiru, gidan amininsa Malam Yusif mai zayyana. Suka baje a zaure, kai da kai, kowa da tsinke yana bin zaren adon. Malam Yusif ya ce zare uku ne. Malam Ubale ya ce biyu. Suka ɓata takarda bakwai, kowane zane ya kai tsakiya sai ya cuɗe. Musu ya yi zafi, abinci ya huce.

Hasiya, matar Malam Yusif, wadda ɗinkin hula ne sana'arta, ta zo ɗaukar kwanuka. Ta leƙa ta bayan mijinta.

"Malam, ai zare ɗaya ne. Ku ba ni."

Ta ɗiga ɗigo-ɗigo a takarda yadda take yi wa hula, ta ɗora alƙalamin kara, ta bi sama, ta bi ƙasa, ba ta ɗaga hannu ba sai da bakin zaren ya dawo inda ya tashi. Dattawan biyu suka dubi juna. Malam Ubale ya miƙe tsaye da takardar don murna.

"Sake yi, Hasiya, a hankali. Yau mu ne ɗalibai."

Sau huɗu ta maimaita kafin hannunsu ya kama. Bayan sati uku ta ɗinke adon a hula ta aika wa Malam Ubale. Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi ya sa ta, kuma duk wanda ya tambayi sunan ɗinkin sai ya tsayar da shi a rana ya ba shi labarin tun daga farko.