Kalma Ɗaya a Wasiƙar Asibiti

Daminar shekarar da aka gama yaƙin basasa, kogin Haɗeja ya malalo ya shafe fadama, har ba a gane inda gona ta ƙare. A lokacin ne wasiƙa ta iso wa Ma'u a Guri, daga asibitin kudu inda mijinta Shu'ibu, soja, yake jinyar harbi a cinya. Da Turanci aka rubuta ta.

Ta ƙulle ta a bakin zane, ta shiga kwalekwale zuwa wurin kawunta Umara, tsohon malamin firamare da ya koma noman shinkafa. Hantsi ne. Furen bado ya buɗe fari fat, gizagizai suna tafiya cikin ruwa kamar a sama ake tuƙi. Gyangyaɗi ya ɗebe ta, ta ga Shu'ibu yana tahowa a kan ruwa, ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Kawu ya karanta wasiƙar sau biyu a gindin tsamiya.

"Kawu, zai dawo?"

"Sun ce he may come home kafin girbi."

"To, zai dawo ke nan."

"Tsaya tukuna, Ma'u. Turawa suna da waɗansu ƙananan kalmomi da suke sawa kafin aiki, su nuna ko dole ne, ko tabbas, ko watakila. Da will suka rubuta, da na ce je ki share ɗaki. Amma may suka sa. Ta watakila ce."

Ta ɗaga kai tana kallon balbelu.

"Akwai wadda ta fi ta rauni?"

"Akwai might. Ita kam kamar hayaƙi ce da aka hango daga nesa."

"Ashe ba mafi raunin aka ba ni ba. Nuna mini ita."

Ya nuna mata baƙaƙe uku na may. Ta ɗora yatsa a kansu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Girbi ya zo ya wuce, Shu'ibu bai zo ba. Ma'u ta yanke shinkafarsa tare da 'yan'uwanta, ta ware masa buhu biyu. Sai bayan ruwa ya janye, wata ranar kasuwa, tana shiƙa a tsakar gida, ta ji sallama da ƙarar sanda a zaure. Sai ga Shu'ibu ya shigo, ya rame, yana ɗingishi. Ta zuba masa ido, hatsi yana zubewa ta tsakanin yatsunta.

Ya ce, "Ma'u, ba za a ba baƙo ruwa ba?"