Malafar Mai Gishiri

Shekara arba'in da ɗaya Armel Le Callo ya yi yana kwasar gishiri a fadamar Guérande, kuma duk tsawon shekarun nan malafa ba ta taɓa hawa kansa ba. Wata 'yar hana-salla gare shi, da can shuɗiya ce, rana da gumi suka cinye launinta har ta koma ruwan toka. Malafa kuwa, a ganinsa, kayan baƙi ce, irin masu tsayar da mota a bakin hanya su ɗauke shi hoto yana jan doguwar manjagarar katako a cikin komayen gishiri, 'yan tafkunan da ake tare ruwan teku a ciki har ya bushe.

Kwana tara da suka wuce ya ce wa matarsa Soizic zai je Saint-Nazaire neman tayar baro. Ya dawo da tayar, ya kuma dawo da filasta a saman kunnensa na hagu. Ya ce ƙofar mota ce ta yanke shi. Gaskiyar magana, wurin likitar fata ya je. Wani ɗan ƙurji ne ya fito masa tun watan Maris, ya yi ɓawo ya faɗi, ya sake yi, ya ƙi warkewa. Likitar, wata mace mai ƙarancin magana da ake kira Dakta Rouxel, ta yanke wurin ta ɗinke, ta jefa abin da ta yanko cikin 'yar kwalba.

"Larabar sama, kafin sha biyu, zan kira ka da sakamakon gwaji," in ji ta. "Kafin nan kada ka shiga rana sai da malafa. Mai faɗin baki nake nufi, wadda za ta rufe kunne da ƙeya. Wannan abar da ke kanka goshi kawai take karewa."

Ya ce to, bai saya ba. Watan Yuli ne, iskar gabas na kaɗawa, gishiri na kwantawa kullum a komayensa arba'in da takwas, ba lokacin yawon kasuwa ba ne. Sai ya riƙa ɗaura hankici a ƙarƙashin hular. Ranar Talata da yamma kunnen ya dinga zuga kamar an sa masa garwashi, da ya kwance hankicin ya ga ɗigon jini. Ya daɗe tsaye a kan gaɓar komi yana duban ɗigon nan. Ranar ce tsoro ya fara shigarsa sosai.

Laraba ranar kasuwa ce. Ya kawo Soizic da buhunan gishirinta, ya kafa mata tebur a filin gaban coci inda take zama kowane mako, ya jera mata ƙananan jakunkunan gishiri. Wajen sha ɗaya saura ya ce zai je ya sha kofi. Bai nufi wurin kofi ba. Ya bi ta bayan masu kifi, ya ratsa lungun masu cuku, ya ɓullo kusa da ƙofar ganuwa, inda Perrine Tual ke kasa huluna. Wayarsa na aljihun gaban riga, kowane taku yana jin nauyinta a ƙirji.

Perrine ta haura saba'in, bazawara ce, mijinta Fanch masunci ne, ya rasu shekara shida ke nan. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Armel Le Callo a gaban rumfata. Ɓatan hanya ka yi?"

"Malafa nake so."

"Ta wa?"

"Ta wani ɗan'uwana."

"Kan ɗan'uwan naka ya kai girman naka?"

"Kusan ɗaya ne."

Ba ta yi dariya ba, ta dai nuna masa tebur da haɓa. Ya miƙa hannu ya ɗauki ta farko da ya gani, ta saƙar ciyawa, marar nauyi. So yake ya biya ya ɓace kafin wani idon sani ya gan shi. Perrine ta karɓe ta daga hannunsa, ta ɗaga ta sama ta kare rana da ita.

"Matso ka duba. Ka ga hasken nan da ke ratsowa ɗis-ɗis? Duk inda idonka ya ga haske, rana ta ga fatarka. Wannan ta zaman bakin teku ce na awa guda. Ɗan'uwan naka wuni yake yi a waje?"

"Wuni yake yi."

Ya nuna wata mai ƙaton baki, lallausa, wadda ta kusa kai faɗin faranti biyu.

Perrine ta girgiza kai. "Wannan iskar fadama za ta naɗe masa ita a fuska. Yana tafe kan gaɓa mai faɗin ƙafa ɗaya da baro cike da gishiri, sai dai a tsamo shi a cikin komi."

Ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya. Armel ya taɓa aljihunsa, ya waiga wajen masu cuku. Ba kowa. Ya ji gumi na gangaro masa ta bayan kunne, yana shiga ɗinkin.

"To ba ni wadda ta dace mana, Perrine. Sauri nake."

"Mai sauri ba ya sayen malafa a wurina, sai ya dawo ya ce na cuce shi."

Ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ta fito da guda biyu na yadi mai kauri, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya fara-fara. Ta ƙwanƙwasa bakin da yatsa don ya ji taurinsa. Ta auna faɗinsa da tafin hannunta, ya yi daidai har da ɗan ƙari. Ta juya cikin, ƙasan bakin baƙi ne.

"Ku masu gishiri rana biyu ke dukanku, ta sama da wadda ruwa ke maido muku. Baƙin nan shi ke shanye ta ƙasan. Ga igiyar haɓa. Cire wannan tsumman da ke kanka in auna."

"Na ce miki ta ɗan'uwana ce."

"Na ji. Cire."

Ya cire. Ta zagaya kansa da tef ɗin awo, gefen hannunta ya gogi filastar, ya zabura ya ja da baya har ya bugi sandar rumfa. Perrine ta tsaya da tef a hannu. Ta dubi kunnen, ta dubi ɗaya kunnen, ta dubi ƙeyarsa da rana ta gasa ta yi sawu-sawu.

"Yaushe aka yanke?"

"Ƙofar mota ce."

"Fanch ma igiyar jirgi ce, in ji shi. Nasa a wuya ya fito. Wata takwas yana ce mini igiyar jirgi ce." Ta naɗe tef ɗin a hankali. "Soizic ta sani?"

Ya sunkuyar da kai yana murza tsohuwar hularsa.

"An ba ka sakamako?"

"Yau. Kafin sha biyu."

Ta ɗora masa mai ruwan ƙasa a ka, ta gyara zamanta yadda ba za ta taɓa ɗinkin ba, ta miƙa masa madubi. Ya ga wani tsoho a cikin inuwa, idanunsa sun faɗa. Bai gama dubawa ba sai ya hango Soizic a cikin madubin, a bayansa, da ƙyallen aikinta ɗaure a ƙugu.

"Gildas ne ya zo yana ta dariya," ta ce. Gildas maƙwabcinsu ne a fadama, komayensa na jikin nasu. "Wai in zo in ga abin mamaki, mijina yana gwada malafa. Na bar masa tebur na taho." Murmushi take yi da farko. Da ta dubi fuskar Perrine, murmushin ya ɗauke. "Me ake ciki?"

"Ba komai. Rana ce ta yi yawa bana."

"Shekara arba'in rana ba ta yi yawa ba sai bana?"

Nan wayar ta fara ruri a aljihunsa.

Su ukun suka tsaya. Ya ciro ta, sunan likitar a rubuce ɓaro-ɓaro, Soizic na tsaye dab da kafaɗarsa tana karantawa. Ya kara a kunnen dama, wanda ya daɗe da yin nauyi, bai ji komai ba sai hayaniyar kasuwa da mai kifi yana kiran farashi. Kunnen da yake ji da shi kuwa shi ne mai filasta. Ya juya baya, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya ce "Ina ji," alhali ba ya ji. Soizic ta zare wayar daga hannunsa, ta danna ta buɗe murya, ta riƙe a tsakaninsu.

"Kana jina yanzu?" in ji Dakta Rouxel. "Da na fi so ka zo mu zauna. Kana inda za ka iya magana?"

Armel ya dubi matarsa. Ba ta dube shi ba, wayar take kallo.

"Faɗi kawai, Dakta."

"Ciwon dajin fata ne. Ka saurare ni har ƙarshe. Irin wanda ba ya saurin yaɗuwa cikin jiki ne, kuma an kama shi da sauran lokaci. Amma gefen abin da na yanko bai fita tas ba, akwai saura. Sai na ƙara yanka, wannan karon da ɗan faɗi. Litinin, ƙarfe takwas."

Ya dafa teburin, huluna biyu suka zame ƙasa, Perrine ba ta ko sunkuya ba.

"Ba zai jira Satumba ba? Yanzu ne tsakiyar kwasa."

"Ba zai jira ba. Bayan aikin kuma mako uku ba fadama, ba gumi, ba ƙurar gishiri a kan ɗinki."

"Mako uku ai shi ne shekarar gaba ɗaya."

"Dakta," Soizic ta ce, muryarta a daidaice kamar mai ba da canji, "matarsa ce ke magana. Litinin ƙarfe takwas muna wurinki. Zai ci abinci kafin ya zo ko kada ya ci?"

Likitar ta ce ya ci, allurar kashe zafi kawai za a yi masa a wurin. Suka yi sallama. Soizic ta mayar masa da wayar cikin aljihu da kanta, ta rufe aljihun da maɓallinsa.

"Tayar baro," ta ce.

"Na sayo tayar ai."

"Kada ka yi mini wasa yanzu, Armel."

"Ban so hankalinki ya tashi a banza ba. Na ce in ba komai ba ne, shi ke nan."

"In kuma wani abu ne fa? Sai yaushe? Sai Gildas ya zo ya gaya mini yana dariya?" Ta juya wajen Perrine. "Wannan da ke kansa ta yi?"

"Ta ɗan yi masa yawa. Amma da bandeji za a naɗe kunnen bayan Litinin, gara mai ɗan sarari. In ya warke ya kawo in sa masa ƙyalle a ciki."

Soizic ta kama bakin malafar ta ja shi ƙasa ta ɓangaren hagu, ta koma gefe ta duba inda inuwa ta tsaya. Ta sa shi ya juya ya fuskanci rana, ya sunkuya kamar mai jan gishiri, ya ɗago. Mutane na wucewa suna kallo. Ta zagaya bayansa ta duba ƙeya.

"Nan akwai rana in ya sunkuya."

Perrine ta fito da wani ƙyalle mai maɓallai da ake maƙalawa a baya ya sauko har kafaɗa. Armel ya buɗe baki.

"Ka ce wani abu?" in ji Soizic.

"A'a."

Ta ja igiyar haɓar ta ɗaure masa, ta ɗan matse fiye da kima. Sannan ta ɗauki fara-farar ta ɗora a nata kan.

"Wannan fa?" ya ce.

"Wa kake tsammani zai ja manjagara mako uku?"

"Gwiwarki, Soizic. Rabonki da shiga komi shekara goma sha biyar."

"Gwiwata ni ta shafa, kuma ni ban ɓoye ta ba."

Ta biya kuɗin duka biyun, ta wuce gaba ya bi ta a baya. Da suka isa teburinsu Gildas ya riga ya shirya abin da zai faɗa, har ya ɗaga hannu zai sara wa malafar. Ya dubi Soizic sau ɗaya ya sauke hannun. Da ta gaya masa a taƙaice, ya ce komaye goma sha shida na gefen yamma a bar masa, zai riƙa kwashewa in ya gama nasa.

Ranar Litinin aka yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na saman kunnen. A mota, zuwa da dawowa, Soizic ba ta ce masa komai ba sai abin da ya shafi magani. Haka suka yi kwana huɗu. Ita tana fita fadama da rana ta karkata, shi yana zaune a inuwar rumbun gishiri da malafarsa yana cika jakunkuna, yana hango ta daga nesa tana ɗingishi kan gaɓa. Jan nata bai kai nasa tsabta ba, tana haɗowa da laka, gishirin ya fi duhu. Ya gani bai faɗa ba. A rana ta biyar ta dawo tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ta zauna kusa da shi ta miƙo hannuwan ba tare da ta dube shi ba. Ya wanke, ya shafa mata mai, ya naɗe.

Ruwan sama ya sauko tsakiyar Agusta, ya rufe kwasar bana da wuri. Abin da suka tara bai kai kashi biyu cikin uku na bara ba. Takardar gwaji na biyu ta iso ana cikin wannan ruwan. Soizic ce ta buɗe, a tsaye a bakin ƙofar kicin, shi yana zaune yana kallon bakinta yana motsi. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake.

"Sun ce ya fita duka. Duk wata shida za ka riƙa zuwa a duba ka." Ta ninke takardar ta sa a aljihun rigarta. "Ni zan riƙa kai ka."

Ya sauke numfashi, ya kifa fuskarsa cikin tafin hannu, ya daɗe a haka. Ta bar shi sai da ya ɗago, sannan ta ce ya tashi su je su duba tamfol ɗin tulin gishiri, tun safe take jin iska na ɗaga gefensa.