Takardun da Na Ƙona

Shekara goma sha ɗaya na yi a garin nan ina ƙona takardu. Rasit ɗin haya, tikitin mota, takardar kantin magani, duk abin da ya shigo hannuna da kwanan wata a jikinsa, sai na zaga bayan ɗaki na ƙyasta masa ashana. Wanda ya shigo ƙasa babu izini, abin da ake fara koya masa ke nan: kada ka sa hannu, kada ka faɗi sunanka na gaskiya, kada ka bar sawu. Ni kuwa na riƙe karatun har na zama malami. Duk baƙon da ya sauka ɗakinmu, kafin ya ajiye jaka na zaunar da shi na yi masa huɗuba.

A kamfanin kujeru nake aiki, ni ne mai ɗora yadi a kan soso. Mu goma sha tara ne a rumfar baya, babu mai takarda ko ɗaya. A cikinmu akwai wani dogo da muke kira Rigima. Kai, Allah ya yi fitinanne! Sau biyu 'yan sanda suna kama shi, ɗaya saboda dambe a tasha, ɗaya saboda ya zagi mai duba tikiti. Ranar da injin yanka katako ya taɓa masa yatsa, ina hana shi ina roƙo, ya fizge hannunsa ya tafi asibiti, ya zayyana musu sunansa har da na ubansa. Na ce masa, "Wallahi kai za a fara jefawa a jirgi."

Sai ga sabuwar doka. Gwamnati ta ce duk wanda ya shekara biyar a ƙasar za a ba shi katin zama da izinin aiki, kuma wata shida aka buɗe ƙofa, ba za a kama kowa a cikinsu ba. A rediyo wani masani yana ta zuba, wai haraji zai ƙaru, albashi zai tashi, kowa zai amfana. Muka yi ta rungumar juna cikin ƙurar katako. Na kira matata na ce ta fara shiri, ita da 'yarmu da na baro tana rarrafe, don mai kati yana da ikon ɗauko iyalinsa.

Kwana biyu na yi a layi kafin na kai gaban matar ofishin da ake ba da katin. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hujja."

Na ce, "Hajiya, ai ga ni."

"Malam, takarda nake nufi. Abin da zai nuna kana nan shekara biyar. Rasit, katin asibiti, wasiƙar wurin aiki, ko da takardar 'yan sanda ce."

Na ce ina da mutum goma sha takwas da za su rantse. Ta ce rantsuwa ba ta shiga fayil, ta kira na bayana.

Na tafi wurin maigidanmu. Mutumin nan ni na ɗora wa kujerun falonsa yadi da hannuna. Ya saurare ni, ya rufe ƙofar ofis, ya sassauta murya. "Mai-yadi, ka san ina ji da kai. Amma in na rubuta ka yi min shekara goma sha ɗaya, na rubuta wa kaina tara da harajin duk shekarun nan. So kake a rufe wurin kowa ya rasa?" Mai gidan haya ma abin da ya faɗa ke nan, sai dai shi ta taga ya faɗa min.

Rigima kuwa, sati uku katinsa ya fito. Kamu biyu da ɗinkin asibiti, kowanne da hatimi da kwanan wata. Sauran ma kowa ya lalubo abinsa, wani tarar da aka ci shi, wani takardar haihuwar ɗansa. Mutum goma sha huɗu suka samu. Mu biyar da muka rage, ni ne da ɗalibaina huɗu, waɗanda suka fi kowa jin maganata. Har yau ɗaya daga cikinsu ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba.

Masanin rediyo bai yi ƙarya ba, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan. Albashin masu kati ya kusa ninkawa. Aka ba su safar hannu da hutun mako, suka buɗe asusu a banki. Masu duba ma'aikata suka fara zuwa kamfanin duk wata, sai maigida ya ce marar kati kada ya sake taka ƙofar. Yanzu a wani gareji nake ɗora yadin nan dai, na kujerun nan dai, a kan abin da bai kai rabin na dā ba. Rigima ne shugaban rumfa, shi yake kawo min aikin a mota. Da ma gori yake yi min, da na ji sauƙi. A'a, tausayina yake ji, ɗan banza.

Saura kwana uku a rufe ƙofar neman kati, Rigima ya sauke firam ɗin kujeru ya tsaya yana sosa ƙeya. "Yaya, ka je caji ofis mana. Shekara goma sha ɗaya, ko sau ɗaya ai an taɓa tsayar da kai an rubuta."

Na san ba a taɓa ba, amma na tafi. Na shiga da ƙafata, na faɗi sunana cikakke ga wani matashin ɗan sanda. Na roƙe shi ya duba da kyau. Ya duba a kwamfuta, ya canza harafi ya sake dubawa, ya kira abokin aikinsa suka duba tare. Ina tsaye ina addu'a Allah ya sa na taɓa yin laifi.

Ya juyo yana murmushi. "Babu ko ɗigo, Baba. Da kowa irinka ne, ai da mun huta."

Ya miƙo min hannu. Na karɓa, na ce na gode.