Kifin Teku a Hannun Dogo

Dogo masunci ne na Ngaski, irin mutanen da ba a koya musu kifi. Da 'yarsa Zulai'atu za ta Birnin Kebbi, ta bar masa akwatin gilashinta na ruwan gishiri a gidanta na Yelwa, bai ma tsaya jin bayani ba. 'Yan kifin teku biyu ne masu launin lemo, da murjani mai rai, wata halitta ta ƙasan teku. Wata bakwai tana renonsu, a kansu take rubuta binciken kammala digirinta.

"Abincinsu ƙwaya huɗu kullum, Baba. Kar ka ƙara."

Ƙwaya huɗu! Wannan ai rowa ce. A gidan Dogo baƙo ba ya kwana da yunwa, balle wanda ya taso tun daga teku. Sai ya riƙa daka hanjin tarwaɗa yana watsa musu safe da yamma, yadda ake ciyar da kifin kududdufi.

Rana ta huɗu ruwan ya yi duhu, murjanin ya tsuke, kifayen suka taso sama suna haki. Ya kira Zulai'atu a waya.

"Mi ka ba su, Baba?"

Ya faɗa mata. Ta ce ya ɗebi ruwan a ƙaramar kwalba, ya ɗiga maganin gwajin naitiret, wato dattin da ruɓaɓɓen abinci ke bari cikin ruwa. Rawaya lafiya, ja masifa.

Ruwan kwalbar ya yi ja kamar manja.

"Bari in ɗebo ruwan gulbi in sauya musu," in ji Dogo.

"Kar ka soma! Take za su mutu. Akwai jarka ɗaya bayan ƙofa, na haɗa da gishirin teku. Ita kaɗai ta rage. Ciro soson na'urar tace ruwan ka ɗauraye, ban da sabulu. Ga ni nan tafe."

Soson ya toshe da maiƙo, sai wari. Ya ɗauraye ya mayar, ya zuƙe sulusin ruwan da tiyo, ya ɗaga jarka yana tsiyayawa a hankali. Wallahi ko ranar da iska ta kife masa kwalekwale bai ji tsoro haka ba.

Kafin jarkar ta ƙare, ƙaramin kifin ya juya ciki sama. Dogo ya tsamo shi. Bai kai babban yatsansa ba.

Waya ta yi ƙara.

"Baba, suna motsi?"

Cikin kunya ya ce, "Ɗaya na motsi."

Ya ji ta ja numfashi, ya sunkuyar da kai yana jiran faɗan da ya cancanta.

"To, kar ka tashi daga gabanshi, Baba. Kafin in iso, kai kaɗai gare shi."

Dogo ya jawo kujera, ya zauna, mataccen kifin na tafin hannunsa.