Injin da Ya Ƙi Mutuwa a Hawan Gwauron Dutse

Shekara goma sha tara ina ɗaukar wa Hajiya Mabruka kaya. Kafin ni, mahaifina ne yake ɗaukar wa mahaifinta, shi da amalanke, ni da akori-kura mai shan dizal. Gidansu na Larabawan nan ne da fatauci ya kawo tun kaka da kakanni suka zauna a cikin birni, kuma har gobe rinanniyar shadda suke turawa Agadas. A rina ta, a kai wa mabuga su buge ta har ta ɗauki ƙyalli, a ninke turmi-turmi, sannan a ɗinke cikin dila a gaban idon Hajiya. Daga nan ba mai farke ɗinkin sai wanda aka aika wa. Nawa aikin shi ne in kwashe dilolin daga ɗakin ajiyarta na Jakara in kai wa babbar mota a wani fili bayan Ƙofar Kabuga. Tafiya ce da ba ta taka kara ta karya ba, amma a wata ɗaya sau uku motata tana kunyata ni a hanya.

Laifin namu ne ni da Muttaka, sai dai nawa ya fi yawa tunda ni na kai kaina. Muttaka bakanike ne, abokina tun muna yara, mutum ne da bai taɓa ganin ƙarfen da ya isa a bar shi yadda aka ƙero shi ba. Injin motar na asali ya tsufa, sai na yi sawu biyu kafin in kwashe kayan Hajiya, na kai masa kuka. Ya ce ai an gama. Ya samo wani inji ɗan Kwatano da ya fi gidan girma, ya yanke nan ya yi walda can har ya zauna. Ya ɗaura masa tobo, wato wani ƙarfe mai siffar katantanwa da yake dura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Ya buɗe famfon mai, ya ƙara sifirin a baya. Akwatin tace iska ya ƙi samun wuri, sai ya jefar da shi ya sa guntun bututu da 'yar raga a baki.

Watan farko, wallahi, na ji daɗi. Dila goma sha biyu a sawu ɗaya, ina wuce manyan motoci ina ɗaga musu hannu. Daga nan ta fara nuna hali. Yau lagireto ya tafasa, gobe tiyo ya fashe, jibi kuloci yana wari. Ta koma shan baƙin mai kamar kunu. Duk ranar da na je gareji amsar Muttaka ɗaya ce: ƙarfi ne ya yi mata yawa, za ta saba. Ni ne dai na saba, da tura mota, da kwanciya a ƙarƙashinta da fararen kaya, da ba mutane haƙuri. Wata rana yana goge hannu ya ce da ni, kamar wanda yake ba da labarin ruwan sama, in tobo ya fara yoyo inji yakan koma shan baƙin man cikinsa, kuma a lokacin ko an zare makulli ba ya mutuwa. "In ka ga haka, toshe mata hanci, wato bakin bututun nan, da abu mai kauri. Kana da kamar minti biyu." Na tambaye shi me ya sa sai yanzu yake faɗa mini. Ya ce ai ba ya faruwa.

Ranar Talatar da abin ya faru, da hantsi na shiga lungun Jakara da baya, na naɗe madubai kamar kullum don kada su goge katangar mutane. Hajiya tana zaune a bakin ɗakin ajiya a kan kujerarta ta roba, carbi a hannu, tana kallon masu lodi. Ta haura saba'in, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa jin ta maimaita magana ba.

"Ɗantani," ta ce, "motar Agadas bayan la'asar za ta tashi. Wancan makon ta tafi ta bar mini kaya, mutanena can suka yi sati suna jira."

"Na sani, Hajiya. An gyara."

"Haka ka ce wancan karon." Ta ja carbi biyu. "Don darajar babanka nake haƙuri, ka sani. Amma in aka kuma, zan nemi wani. Ba faɗa muka yi ba."

Na ce in sha Allahu ba za a kuma ba. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, don gaskiya ta faɗa. Aikin nan shi ne abin da mahaifina ya bar mini, ba gida ba gona, kuma ga shi ina shirin zubar da shi saboda son sawu ɗaya.

Na yi azahar na tashi. Motar ta fita daga Jakara lafiya lau, har na fara cewa a raina ko Muttaka ya yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa. Muna fara hawan Gwauron Dutse na taka mai kaɗan, sai na ji ta amsa fiye da yadda na tambaya. Na ɗaga ƙafa, kukan ya ci gaba da hawa. Na taka kuloci na gangara gefen titi, na murɗa makulli na zare shi. Ga makulli a tafin hannuna, ga inji yana ihu.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Farin hayaƙi ya turnuƙe titin har ba a ganin tsallake, masu adaidaita suna ta kauce wa juna, mata masu jiran mota suka kwashi yara suka ruga. Na sa babbar giya, na danne birki, na saki kuloci don in shaƙe ta. Kulocin da ya sha wahalar dila goma sha biyu wata da watanni ya zame kawai, wari ya tashi. Na fito na ɗaga bonet. Injin yana rawa a mazauninsa kamar zai tsinke ya fito, guntun bututun Muttaka yana zuƙar iska da wani irin fito.

Na tuɓe rigata na dunƙule na danna a bakin bututun. Yadi ne marar nauyi, na zafi. Ragar ta ɓurma, rigar ta yage, rabi ya shige ciki, rabi ya rage a hannuna. Kukan ya ɗan shaƙe, ya dawo.

Wani mai rake da ke gefen titi, dattijo mai furfura, shi kaɗai ne bai gudu ba. Ya zo da gudu ya danƙa mini wuƙarsa, ya nuna bayan motar, yana ihu a kunnena.

"Malam, ba shadda ba ce wannan? Farke ɗaya! Turmi guda ya isa!"

Gaskiyarsa. Bugaggiyar shadda a ninke ta fi tafin hannu kauri, iska ba ta ratsa ta. Na zagaya baya, na kama dilar da ke kusa, na ɗora bakin wuƙa a kan zaren. Ɗinkin Hajiya ne, da shuɗin zare, da alamar gidansu a gefe. Yanka ɗaya ne tsakanina da turmin.

Na tsaya. Ni ba waliyyi ba ne, kada a ɗauka haka. Abin da na gani shi ne kaina a tsaye gabanta da farkakkiyar dila ina bayani, ni da ban taɓa sanin launin abin da nake ɗauka ba sai in ta faɗa. Akwai kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Na gaji. Na gaji da ceton motar nan. Hannuna yana kan zaren, wata zuciyar tana cewa in ka cece ta yau, ranar Alhamis ma kana ƙarƙashinta. Ban san wanne ne ya riƙe mini hannu ba a cikin biyun.

"Yanka mana!" in ji mai rake.

Ban yanka ba. Aka ji wata ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunyar ƙarfe, sai shiru. Baƙin mai ya malalo daga ƙarƙashinta ya bi gangaren titi. Da hayaƙin ya lafa na leƙa, ga rami a gefen injin da zan iya zura hannu, wani ƙarfe ya leƙo ta ciki. Na miƙa wa dattijon wuƙarsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, daga ni sai singileti, ya ce, "Allah ya kyauta," ya koma kan rakensa.

Sauran aikin ƙafa ce. Na samo masu kura uku, irin wadda ake turawa da hannu, muka ɗora dila hurhuɗu. Ni ma na sa kafaɗa, don ba zan tsaya ina kallo ba. Muka bi titi a cikin rana, motoci suna yi mana ham, har muka fita Kabuga. Mun isa ana kiran la'asar, direban babbar motar ya riga ya fara ɗaure tamfol. Ya duba ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ya karɓa. Na kira Muttaka na faɗa masa inda gawar motar take. Ya ce akwai wani inji da ya gani. Na kashe wayar.

Na ari riga a wurin wani ɗan lodi na koma Jakara. Hajiya tana nan inda na bar ta, labari ya riga ni zuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce kaya sun tafi, goma sha biyu, ba wanda aka taɓa.

"An ce wuƙa na hannunka," ta ce.

"Haka ne."

"Turmi ɗaya, Ɗantani?" A karon farko na ji muryarta ta tashi. "Saboda turmi ɗaya ka tsaya kana kallo abin neman abincinka ya ƙone? Ni wace irin mutum ka ɗauke ni? Da ka farke, wallahi ko tambayarka ba zan yi ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta juya kai ta goge ido da bakin mayafi, masu wucewa suna gaishe ta tana amsawa da hannu.

Can ta ce, a hankali, "Ranar Asabar akwai wasu kayan. Da me za ka ɗauka?"

"Babu, Hajiya."

"Nan da wata fa?"

Na so in ce in sha Allahu. Bakina ya saba da faɗar haka har ba ya neman izinina. Amma na ga ramin nan da idona, na ce mata babu.

Ta gyaɗa kai. "To, ba zan ba wanda ban sani ba. Kai ka san mutanen bakin kasuwar Kurmi. Wa ka yarda da shi?"

Akwai wani Maharazu da muke layi ɗaya a bakin kasuwar. Motarsa irin tawa ce, sa'ar tawa, bai taɓa bari an canza mata ko ƙusa ɗaya ba. Dila shida take ɗauka, tana hawa tudu kamar mai ciwon gwiwa, na shekara ina yi masa dariya a gaban mutane.

"Maharazu," na ce. "Sawu biyu zai yi, amma zai kai."

"Ka turo mini shi gobe."

Na ce to. Na tashi, gwiwoyina suna ƙara, na nufi bakin Kurmi in same shi kafin ya tashi.